Ranakun Hutu a Ma'aunin Ɗan Kasuwa

BAUCHI — A cikin watan Afrilu na shekarar 2024, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa ranakun Talata 9 da Laraba 10 ga wata su ne na hutun Ƙaramar Sallah. Da aka nemi jinjirin watan Shawwal da yammacin Litinin ba a gan shi ba, sai azumi ya cika talatin, Sallah ta koma Laraba, gwamnati kuma ta ƙara ranar Alhamis 11 ga wata a kan hutun. Ta haka bankunan da suka rufe ƙofofinsu da yammacin Litinin ba su sake buɗewa ba sai ranar Jumma'a, wadda a garin Bauchi rabin ranar aiki ce ga yawancin jama'a, daga nan kuma aka shiga Asabar da Lahadi.

Wannan hutu ya zo ne kwanaki kaɗan bayan na Ista, wanda ya ci Jumma'a 29 ga Maris da Litinin 1 ga Afrilu. Watau daga 29 ga Maris zuwa 12 ga Afrilu, cikin ranakun aiki 11, guda shida kaɗai ofisoshi da bankuna suka buɗe.

A unguwar GRA ta Bauchi da kewayenta, inda gidajen manyan ma'aikata, masaukan baƙi, makarantu da asibitoci masu zaman kansu, da ofisoshin lauyoyi da 'yan kwangila suka yawaita, irin wannan mako yakan raba 'yan kasuwa gida biyu. Akwai wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa, ya biya ma'aikata, ya sauke kayansa tun kafin a rufe, ya yi Sallah hankali kwance. Akwai kuma wanda takardar biyan kuɗinsa ta kwana a kan teburin akanta a Sakatariya, motar kayansa tana hanya, kuɗin ruwan banki yana ta hawa. Dukansu hutu ɗaya suka yi. Abin da ya bambanta su shi ne lissafin kwanaki, domin mafi yawan ranakun hutun ƙasar nan ana iya saninsu tun shekara ba ta kama ba, kuma asarar da ake ɗora wa hutu, sau da yawa ta rashin shiri ce.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ranakun Hutu ta 1979 ita ce tushen al'amarin. Ta lissafa ranar 1 ga Janairu, Jumma'a da Litinin na Ista, Ranar Ma'aikata, ranar 1 ga Oktoba da ranar Kirsimeti, sa'an nan ta bar wa Ministan Harkokin Cikin Gida ya ayyana ranakun Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah da Mauludi. A al'ada ana ba da kwana biyu ga kowace Sallah, ana kuma haɗa kashegarin Kirsimeti, watau 26 ga Disamba.

Wasu daga cikin ranakun daga baya suka shigo. Ranar Ma'aikata ta 1 ga Mayu, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta jihar Kano ta ba da hutunta a 1980, kafin gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1981. Ranar Dimokuraɗiyya kuwa an fara yin ta ne a ranar 29 ga Mayu bayan komawa mulkin farar hula a 1999, har zuwa lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwar mayar da ita 12 ga Yuni a 2018, domin tunawa da zaɓen 1993 da aka soke, ya kuma sa hannu a kan gyaran dokar a 2019. Idan aka tara duka, shekara takan zo da ranakun hutun tarayya 13.

Har ila yau dokar ta ba Shugaban Ƙasa ikon keɓe wata rana ta musamman, ta kuma ba gwamna irin wannan iko a cikin jiharsa. Bisa wannan ne jihohin Arewa da dama, irin su Kano, Jigawa da Sakkwato, suke ba da hutun 1 ga Muharram, Kano kuma takan ƙara da na Takutaha. Hutun jiha yana rufe ma'aikatun jihar ne, ba lallai ya rufe ofisoshin tarayya ko bankuna ba. Don haka ɗan kasuwar Bauchi da ke da hulɗa da wata ma'aikata a Kano ko Dutse, dole ya kasa kunne ga sanarwar jihar da yake nufa, ba ta Abuja kaɗai ba.

Akwai kuma inda rubutun doka da aikin gwamnati suka sha bamban. A rubuce, idan ranar hutu ta faɗo Asabar ko Lahadi, dokar ba ta tanadi wata rana a madadinta ba. Amma a aikace gwamnati takan ba da Litinin, kamar yadda ta yi ranar 3 ga Oktoba, 2022 da ranar 2 ga Oktoba, 2023. Sai dai wannan ba haƙƙi ba ne da za a gina lissafi a kansa ido rufe. A 2022, Ranar Ma'aikata ta faɗo Lahadi, Ƙaramar Sallah ta biyo ta ranar Litinin, gwamnati kuma ta haɗa su duka a cikin kwana biyu, 2 da 3 ga Mayu.

Wace rana ake sani, kuma yaushe?

Ga mai tsara harkokinsa, ba asalin hutu ne abin dubawa ba, a'a, tsawon lokacin da ake da shi kafin ya zo. Ta wannan fuska ranakun nan 13 sun kasu kashi uku.

Kashi na farko ranaku takwas ne da aka san su tun shekaru kafin su zo: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba, da ranaku biyu na Ista. Ita Ista ko da yake tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, da lissafi ake fitar da ita, kuma tana rubuce a kowace kalanda.

Kashi na biyu ranaku uku ne da ake tabbatar da su kimanin kwana tara zuwa 11 kafin su zo. Babbar Sallah tana kamawa ran 10 ga Zulhajji, Mauludi kuma ran 12 ga Rabi'ul Awwal. Da zarar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, ta ba da sanarwar tsayuwar watan, ɗan kasuwa yana iya ƙirga ranar da yatsunsa, ba sai ya jira sanarwar minista ba, wadda sau da yawa sai ana saura kwana kaɗan take fitowa.

Kashi na uku shi ne ranaku biyu na Ƙaramar Sallah, wadda ba a tabbatar da ita sai daren da aka ga wata. Amma ko ita ma shakkar ba ta wuce ta kwana ɗaya ba, tun da azumi ko dai 29 ne ko 30. Abin da ya faru a 2024 ba sabon abu ba ne, domin a watan Yuli na 2016 an ba da Talata 5 da Laraba 6 ga wata, daga baya aka ƙara Alhamis 7 saboda wannan dalili. Darasin shi ne, duk lokacin da minista ya ba da hutu bisa zaton azumi 29, mai hankali sai ya ƙaddara cewa kwana uku ne.

Bayan waɗannan akwai hutun ba-zata, wanda babu kalandar da za ta nuna shi. An ba da ranar Jumma'a 22 ga Fabrairu, 2019 domin jama'a su koma mazaɓunsu bayan ɗage babban zaɓe da mako ɗaya. An ba da Litinin 29 ga Mayu, 2023 domin rantsar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu. An kuma ba da Talata 15 ga Yuli, 2025, ranar da aka yi jana'izar tsohon Shugaba Buhari a Daura. Da wannan ranar, hutun tarayya a 2025 ya kai kwana 14, dukansu kuwa a ranakun aiki suka faɗo, watau cikin ranakun aiki 261 na shekarar, 247 aka yi aiki. Tanadin kwana ɗaya ko biyu a kowace shekara domin irin wannan ya wadatar.

Tafiyar Sallah a cikin shekara

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Saboda haka kowace Sallah takan matso gaba da kwana 10 zuwa 12 a kowace shekara, ta kewaye dukan yanayin shekara cikin kimanin shekaru 33. An yi Ƙaramar Sallah ranar 2 ga Mayu a 2022, 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, da 30 ga Maris a 2025. Babbar Sallah kuma ta kama 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025. Wanda ya ɗebe kwana 11 daga ranar bara, ba zai yi kuskuren da ya wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Wani lokaci ma shekarar Miladiyya ɗaya takan ɗauki Sallah iri ɗaya sau biyu, kamar yadda aka yi Ƙaramar Sallah a Janairu da Disamba na 2000, aka kuma yi Babbar Sallah a Janairu da Disamba na 2006.

Wannan tafiya tana da tasiri a kan ciniki fiye da yadda ake zato. A 2012 an yi Babbar Sallah a ƙarshen Oktoba, lokacin kaka, manomi yana da hatsi a rumbu da kuɗi a aljihu, dabbobi kuma sun ƙoshi da ciyawar damina da harawa. A 2025 kuwa ta zo a farkon Yuni, lokacin da manoman jihar Bauchi ke neman kuɗin taki, iri da huɗa, abincin dabba kuma ya yi tsada bayan dogon rani. Mai kiwon raguna domin Layya, da mai sayar da atamfa da shadda a kasuwar Wunti, ba za su yi amfani da lissafin shekarun kaka a shekarun bazara ba. Kuɗin da ke hannun mai saye ba ɗaya ba ne, haka ma abin da aka kashe kafin rago ya isa kasuwa.

Wa ke asara, wa ke samu?

Akan ji ana cewa kowace ranar hutu asara ce ga tattalin arzikin ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana bukatar a rarrabe, domin ciniki iri uku ne a ranar hutu.

Akwai cinikin da ake ɗagewa kawai. Wanda zai sayi siminti ko kwanon rufi, idan ya tarar da shago a rufe, zai dawo jibi. Abin da mai shagon ya rasa jinkiri ne, ba cinikin ba. Akwai kuma cinikin da ke salwanta gaba ɗaya. Mai abinci a bakin Sakatariya, mai buga takardu da ɗaukar hotonsu, da mai Keke Napep da ke jigilar ma'aikata da 'yan makaranta, ba wanda zai ci abincin rana biyu ko ya hau keke sau biyu a ranar da aka dawo domin ya rama musu. Waɗannan su ne hutu ya fi ƙuntata wa, su ne kuma mafi ƙarancin jari. Sai na uku, cinikin da hutun ne ke haifar da shi: teloli, masu kitso da lalle, dillalan dabbobi, direbobin hanyoyin Jos, Kano, Gombe da Maiduguri, da masaukan baƙi. Gandun namun daji na Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da ruwan ɗumi na Wikki da ke cikinsa, yakan cika da baƙi a lokutan Sallah, Ista da ƙarshen shekara, kuma da yawansu ta cikin garin Bauchi suke ratsawa, su sha mai, su ci abinci, su kwana.

Ga kamfani mai biyan albashin wata, lissafin a fili yake. A ɗauka yana da ma'aikata 30 a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Albashin wata ya kama Naira miliyan 2.1, wanda idan aka raba shi a kan ranakun aiki 21 zai ba da Naira 100,000 a kowace rana. Hutun kwana 14 ke nan ya ci Naira miliyan 1.4 a shekara. Wannan kuɗi ne da ya kamata ya shiga cikin farashin kaya ko na kwangila tun farko, kamar kuɗin haya da na wuta. Haka nan bashin banki ba ya hutu. Rancen Naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 30 cikin 100 a shekara yana cin kimanin Naira 8,200 a kowace rana, watau kusan Naira 41,000 idan hutu da ƙarshen mako suka tsare kuɗin mutum kwana biyar.

Wajibi ne kuma a tuna cewa hutun da ke kan takarda dabam yake da wanda kasuwa ke yi. A ranakun 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, kasuwannin Wunti, Muda Lawal da Babbar Kasuwa suna ci kamar kullum. Amma a makon Sallah, ko da gwamnati kwana biyu ta bayar, hawan Sallah a fadar Sarkin Bauchi, ziyarce-ziyarce da tafiyar yaran shago da leburori zuwa garuruwansu sukan ci mako guda. A ƙarshen Disamba kuma, da yawa daga cikin 'yan kasuwa 'yan asalin kudancin ƙasar nan, masu sayar da kayan gyaran mota, kayan gini da na lantarki, sukan tafi gida, wasu sai a mako na biyu na Janairu suke dawowa. Makaniki ko ɗan kwangilar da bai tanadi kayan aikinsa kafin tsakiyar Disamba ba, zai saya da tsada ko ya zauna jira.

Kalandar makarantu ma tana cikin lissafi. A 2025 jihar Bauchi tana cikin jihohi huɗu, tare da Kano, Katsina da Kebbi, da suka sa hutun makarantu ya dace da watan Ramadan, abin da ya jawo muhawara a ƙasa. Ko mene ne ra'ayin mutum a kai, mai makaranta a GRA wanda ke biyan malamai kowane wata amma yake karɓar kuɗin makaranta zango-zango, ya ga yadda sauyin ranar komawa ke sauya ranar shigowar kuɗi.

Wani abin lura a gari irin Bauchi, inda albashin gwamnati ke juya kasuwa, shi ne biyan albashi da wuri saboda Sallah. Idan aka biya shi kwana goma kafin lokacinsa, to, na gaba sai bayan kwana arba'in. Ciniki yakan yi sama kafin Sallah, ya faɗi warwas bayanta, masu karɓar kaya bashi kuma su yawaita. Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Mai shagon da ya cika shagonsa da kayan bashi yana zaton cinikin jajibere zai ɗore, yana iya samun kansa cikin wannan karin magana.

Banki, haraji da wa'adi

Tun da aka fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, kuɗi na tafiya ta waya dare da rana, har a ranar Sallah. Wannan ya rage wahala ƙwarai, amma bai kawar da ita ba. Cek ba ya wucewa sai a ranar aiki, haka ma manyan kuɗaɗen da ke bi ta Babban Bankin Nijeriya, cinikin hannun jari, da duk abin da ke bukatar sa hannun manaja. A dogon hutu na'urorin ATM sukan ƙare, masu POS su ƙara lada, cunkoso kuma ya sa wasu kuɗaɗen da aka tura su maƙale, ba kuwa ofishin da za a kai kuka sai an dawo. Mai biyan leburori ko mai sayen dabbobi da hatsi a kasuwannin ƙauye, inda tsabar kuɗi ke da daraja, ya kyautu ya tanadi abin da yake bukata kwana biyu ko uku kafin a rufe.

Game da wa'adi, Dokar Fassarar Dokoki ta 1964 ta ce idan ranar ƙarshe ta wani wa'adi da doka ta gindaya ta faɗo a ranar Lahadi ko ranar hutu, wa'adin ya zarce zuwa ranar da ba ta hutu ba. Amma wannan sassauci na wa'adin doka ne. Yarjejeniyar da 'yan kasuwa biyu suka ƙulla, abin da aka rubuta a cikinta shi ne abin bi, shi ya sa ya kamata a fayyace ko "kwana 30" na nufin ranakun aiki ne ko kwanakin kalanda. Bambancin yana iya kai wa mako biyu idan wa'adin ya ratsa Sallah ko Kirsimeti. Bugu da ƙari, harajin VAT ana miƙa shi ne zuwa ranar 21 ga watan da ya biyo baya, kuɗin fanshon ma'aikata kuma Dokar Fansho ta 2014 ta ce a tura shi cikin ranakun aiki bakwai daga ranar biyan albashi, tare da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a wata ba ga wanda ya saɓa. Kamfanin da ya biya albashi da wuri domin Sallah, ya matso da wannan wa'adi ke nan.

Hutun ma'aikata

Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikacin da ya yi wata 12 yana aiki hutun da bai gaza ranakun aiki shida ba tare da cikakken albashi, ko ranaku 12 ga wanda bai kai shekara 16 ba. Ana iya ɗage hutun bisa yardar ɓangarorin biyu, amma kada a wuce wata 24, kuma haramun ne a biya ma'aikaci kuɗi a maimakon hutunsa muddin yana bakin aiki. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Dokar ba ta shafi manyan jami'ai da ƙwararru ba, waɗanda takardar ɗaukarsu aiki ce ke fayyace nasu. A aikin Gwamnatin Tarayya kuwa, ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama yana da kwana 30.

Ma'aikaci mai lura yakan jingina hutunsa da na gwamnati. Watan Yuni na 2025 misali ne mai kyau. An ba da Jumma'a 6 da Litinin 9 ga wata domin Babbar Sallah, Ranar Dimokuraɗiyya kuma ta faɗo Alhamis 12. Wanda ya ɗauki ranaku uku kacal, Talata 10, Laraba 11 da Jumma'a 13, ya sami kwana 10 a jere, daga 6 zuwa 15 ga wata. Babu laifi a cikin wannan, dabara ce ta halal. Matsalar ita ce kowa ya ga abin da ya gani, kuma idan akanta, mai kula da sito da direba duka suka nemi waɗannan ranaku, kamfani ya rufe ke nan ba tare da ya yi niyya ba.

Maganin wannan shi ne jadawalin hutu da za a tsara tun watan Janairu, a liƙa shi inda kowa zai gani, da sharaɗin cewa mutum biyu masu aiki iri ɗaya ba za su tafi tare ba, kuma wanda ya sami ranakun daɗi a bana ya bar wa wani baɗi. Jihar Bauchi tana da wata dama a nan, domin yawancin wuraren aiki sun haɗa Musulmi da Kirista. Asibitoci, masaukan baƙi da gidajen mai da ba sa rufewa sun daɗe suna cin moriyar wannan: waɗannan su riƙe aiki a makon Sallah, waɗancan su riƙe a makon Kirsimeti da Ista. Abin da ya rage shi ne a rubuta ladan wanda ya yi aiki ranar hutu, ko kuɗi ne ko wata rana a madadi, tun kafin ranar ta zo. Haka kuma mai kamfanin da ke niyyar aikin Hajji, wanda zai ɗauke shi kimanin wata guda, ya kamata ya sanar da bankinsa wanda zai sa hannu a bayansa da iyakar abin da zai iya fitarwa.

Kalandar abokan ciniki na waje

Kayan da ke shagunan Bauchi, da yawansu daga Kantin Kwari da sauran kasuwannin Kano ko daga Legas suke fitowa, can kuma daga ƙasar Sin, Dubai da Indiya. Saboda haka hutun waɗannan ƙasashe yana isowa Bauchi ko da a makare. Sabuwar shekarar Sinawa tana kamawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma masana'antu sukan rufe na makonni, ma'aikata su koma garuruwansu. A 2025 ta kama 29 ga Janairu, azumi ya fara 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30 ga Maris. Tun da jirgin ruwa daga Sin zuwa Legas yana cin fiye da wata guda, ban da fitar da kaya daga tasha da hawowa Arewa, duk kayan Sallar da ba su bar masana'anta kafin tsakiyar Janairu ba, da wuya su riski cinikin. Yayin da Ƙaramar Sallah ke ƙara matsowa farkon shekara, wannan matsi zai ƙaru, har ya zama sai a watannin Oktoba da Nuwamba ne za a riƙa yin odar kayan Sallah.

Sinawa kuma suna da hutun kimanin mako guda daga 1 ga Oktoba, ranar da ta dace da ta 'yancin kan Nijeriya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun ƙarshen makonta Asabar da Lahadi tun Janairun 2022, Saudiyya kuwa Jumma'a da Asabar take yi tun 2013. Kuɗin da aka tura da dala yakan tsaya a ranakun hutun bankunan Amurka, irin su 4 ga Yuli. Masu hulɗa da Maraɗi da Damagaram kuma su tuna da 3 ga Agusta da 18 ga Disamba, ranakun hutu a Jamhuriyar Nijar.

Abin yi

Duk wannan bai fi ƙarfin takarda ɗaya ba. A farkon shekara ɗan kasuwa ya ɗauki kalanda ya shata ranaku takwas da aka sani. Ya ɗebe kwana 11 daga ranakun Sallah da Mauludi na bara, ya shata mako guda a kewayen kowace. Ya ƙara hutun jihohi da na ƙasashen da yake hulɗa da su, ya ware kwana biyu domin ba-zata. Daga nan sai ya ƙirga baya: ranar da oda za ta fita, ranar da mota za ta taso daga Legas ko Kano, ranar da takardar neman biya za ta shiga ma'aikata, ranar da zai bi bashin da yake bin mutane, da ranar da albashi zai fita. Takardar biyan kuɗi da ta shiga ofis ana saura kwana biyu Sallah, a mafi yawan lokuta sai bayan Sallah za a waiwaye ta.

Gwamnati ma tana da nata rabon, domin fitar da jadawalin hutun shekara tun Janairu, tare da ranakun da ake kyautata zaton Sallah, zai rage wa bankuna, kotuna da masana'antu ruɗani ba tare da ya taɓa hurumin masu duban wata ba. Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai dukiya, wanda ya fi kowa sanin cewa ba a fafe gora ranar tafiya.